Ikon Wanda Ba Shi da Sanda

Tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya ita ce: me ke sa direba ya taka birki saboda mutumin da ba shi da ikon cin sa tara? Jami'in KAROTA a Kano yana da doka a bayansa. Amma ɗan agajin da ke ba da hannu a ƙofar masallacin Juma'a, ko matashin da ya bar shagonsa ya tsaya tsakiyar titi a bakin Kantin Kwari, hannu da usur kawai ya mallaka. Duk da haka, sau da yawa shi ke kwance ƙullin da ya gagari kowa.

A ganina, tushen cunkoson mahaɗar tituna rashin yarda da juna ne. Kowane direba yana tsoron in ya ɗaga wa wani ƙafa, shi ba mai ɗaga masa. Sai mai Adaidaita Sahu ya cusa kai, mai bas ya tare shi, har mahaɗar ta kulle, gaba ba hanya, baya ba damar juyawa. Ɗan sa-kai idan ya ɗaga hannu, alkawari yake yi wa wanda ya tsayar cewa ya dakata, nasa lokacin na tafe. Direba na yin biyayya ne gwargwadon yadda ya gaskata wannan alkawari.

Saboda haka nake cewa adalci ne kaɗai jarinsa. Ranar da ya tsayar da mai amalanke don ya buɗe wa motar alhajin da ke miƙo masa na goro, ya karya alkawarin a gaban kowa, kuma ba shi da sandar da zai maido da biyayyar da ta zube. Ko hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta san darajar irin wannan amana, shi ya sa take da rundunar 'yan sa-kai marasa albashi.

Ban ce hannunsa zai faɗaɗa titi ba. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, babura masu ƙafa uku suka yawaita, kuma gyaran fitilun hanya yana wuyan gwamnati. Sai dai na yarda wajibi ne in tsaya idan ya tsayar da ni, muddin yana raba hanya daidai, domin hannun da ya dakatar da ni yanzu shi ne zai dakatar da wani in wuce.