Takardar barin aiki: haƙƙi ce ko alfarma?

 

Ya ƴan'uwa musulmi, mas'alar da muka ɗauko a wannan fitowa a bakin masallaci ta same mu. Wani dattijo ne ya dakata bayan sallar la'asar, sai da jama'a suka watse sannan ya matso ya kwance wata leda da ke aljihunsa. Shekara 19 ya yi yana gadin sito a wurin wani ɗan kasuwa, da ganinsa na dare ya raunana aka sallame shi. Allah ya buɗa masa wata ƙofa, ana neman mai gadin rana a wani ofishi, amma aka ce sai ya kawo takardar da ke nuna inda ya yi aiki a baya. Sau 4 yana komawa gidan maigidansa na da. Yau an ce Alhaji ya yi tafiya, gobe an ce mai rubutu ba ya nan, daga ƙarshe aka fito masa a fili: akwai jikka 40 da ya ranta lokacin auren ɗiyarsa, ko ya biya ya karɓi takardarsa, ko kuwa ya dangwala yatsa a kan wata takarda da ke cewa ba ya bin gidan komai, a yafe wa juna. Shi kuwa a lissafinsa kuɗin hutun da bai taɓa ɗauka ba da kuɗin sallama sun ninka bashin. Takardar da ke cikin ledar ita ce wadda ake so ya dangwala. Ya ce: «Malam, in na sa yatsa a nan, haƙƙina ya faɗi ke nan har Lahira?»

Ba za mu ambaci suna ba, domin da yawa daga cikinmu in suka duba za su ga kansu a ɗayan ɓangarorin nan biyu.

Mu fara da sanin abin da ake magana a kai. Idan ma'aikaci ya rabu da mai aiki, akwai takardar shaidar aiki, wadda ake kira «certificat de travail» da Faransanci. Dokar ƙwadago ta ƙasarmu, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta ɗora wa mai aiki bayar da ita, kuma abin da ake rubutawa a ciki taƙaitacce ne: ranar shiga, ranar fita, da irin aikin da mutum ya riƙe. Akwai kuma takardar lissafin ƙarshe, inda ake tara sauran albashi da kuɗin hutu da na sallama. Shi ma ma'aikaci akwai abin da ke wuyansa, ya mayar da mabuɗai da kayan aiki da duk abin da aka damƙa masa.

Wannan taƙaitawa tana da tarihi, kuma ya kamata mu san shi. A Faransa, tun daga 1803, an wajabta wa lebura riƙe wani ƙaramin littafi. Ba mai ɗaukarsa aiki sai maigidansa na baya ya sa hannu cewa ya sauke abin da ke kansa, kuma in ya ci bashi a ciki ake rubutawa, bashin ya bi shi duk inda ya je. Wanda aka kama a hanya ba littafin nan ana ɗaukarsa ɗan yawon banza. Da aka ga abin ya zama mari a ƙafar talaka sai aka soke shi a 1890, aka maye gurbinsa da takarda wadda ba ta ɗauke da yabo ko zargi. Mu nan sai a 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka, sannan dokar ƙwadago ta Disamba 1952 ta kawo wannan takarda, dokokinmu na bayan mulkin kai suka gaje ta. To, wanda ya riƙe takardar bawan Allah yau saboda bashi, ya sani marin da masu shi suka kwance ne ya tsinto ya ɗaura wa ɗan'uwansa musulmi.

Amma mu ba dokar Nasara ce hujjarmu ta farko ba. Mene ne matsayin takardar nan a shari'a? Abin da muke gani, Allah ne Masani, shi ne shaida ce. Shekarun da mutum ya yi yana kwana a bakin sito cikin sanyin hunturu abu ne da ya auku, kuma babu wanda ya san shi kamar mai siton. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ta hana marubuci ƙin rubutawa, ta hana shaidu noƙewa in an kira su. Ayar da ke biye da ita ta jingina zunubin ɓoye shaida ga zuciya. Idan har Ubangiji ya kula da rubuta bashin ɗan kuɗi kaɗan, yaya shekara 19 na rayuwar mutum? Mai aikin da ke cewa «zan taimaka masa da takarda in na ga dama» ya ɗauki wajibi ya sa masa rigar alfarma.

Wani zai ce: ai bashi nake binsa, takardar jingina ce a hannuna. Wannan magana ba ta tsayuwa a fiƙihu. Jingina, kamar yadda muka karanta tun a Risala, abu ne da ake riƙewa domin in mai bashi ya kasa biya a sayar a fitar da haƙƙi daga kuɗinsa, kamar gona ko dabba ko zinariya. To wa zai sayi takardar shaidar wani? Ko dala ba ta yi a hannun mai riƙe da ita. Amfaninta ɗaya a wurinsa, ta hana mutumin samun aiki, wato ta toshe hanyar da zai bi ya biya bashin. Ka ɗaure akuya nesa da ciyawa kana jiran nono. Alƙur'ani kuwa ya yi umarni da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Bashi gaskiya ne, ba mu ce ya faɗi ba. A zauna a yi lissafi a gaban shaidu, a cire shi daga abin da ake bin gidan bisa yarda, in an kasa daidaitawa ga ofishin sufeton ƙwadago, ga alƙali. Takarda dai a miƙa ta.

Sai mu dawo ga tambayar dattijon. Yafe haƙƙi, wanda malamai ke kira ibra'i, kyauta ce, kuma malamanmu na Malikiyya sun sassauta har suka halatta kyautar abin da ba a san adadinsa ba. Abin da ba su sassauta a kai ba shi ne yardar zuciya. Malamai sun yi magana a kan dukiyar da aka karɓa ta hanyar kunyata mai ita a gaban jama'a, suka ce ba ta halatta, to ina ga wadda aka karɓa da yunwa? Mutum yana da iyali, an sa abincinsu a hannu ɗaya, tawada a ɗaya hannun, an ce ya zaɓa. Ya tabbata a hadisin Ummu Salama, Allah ya yarda da ita, cewa Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi wanda ya ci shari'a da iya baki alhali ya san haƙƙin ba nasa ba ne, ya sanar da shi yankin wuta ya ɗauka. Idan hukuncin Annabi da kansa bai halatta wa mutum abin da ya san na wani ne ba, zanen yatsa ba zai halatta ba. Abin mamaki, ko dokar 1952 ta faɗa a sarari cewa sa hannun ma'aikaci a kan irin wannan magana ba ya zama hujja a kansa wajen rasa haƙƙinsa. Saboda haka muka ce wa dattijon: haƙƙinka ba ya faɗuwa sai ka yafe da kanka, ka san abin da ka yafe, babu wuƙa a wuyanka. Duk da haka kada ka dangwala, mu tafi tare mu same shi.

Mu tuna da mutanen nan uku da dutse ya rufe a kogo, a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito. Ɗayansu abin da ya yi tawassuli da shi, wani ɗan ƙwadago ne ya tafi ya bar ladarsa, shi kuwa ya juya ta har ta zama garke, da mutumin ya dawo bayan zamani ya kora masa duka. Babu takarda tsakaninsu, babu sufeto. Mu kuma a yau akwai waɗanda ke cire kason asusun CNSS daga albashin ma'aikaci kowane wata ba su kai ba, sai ranar da tsufa ya zo a buɗe littafi a tarar da shi fari. Wannan ba ya bukatar dogon bahasi, cin amana ne.

Kada ma'aikata su ɗauka mun ba su gaskiya duka. Mai aiki yana da haƙƙin a yi masa lissafi kafin a rabu. Manzon Allah (SAW) ya yi wa Ibnul Lutbiyya hisabi da ya dawo daga karɓar zakka, bai bar masa abin da ya ce kyauta aka ba shi ba. Yaron shago da ya tashi da littafin masu bashi, direban da ya ajiye mota ba tare da ya faɗi abin da ya lalace a cikinta ba, malamin da ya tafi tsakiyar shekara da sakamakon yara a jakarsa, duk sun fita da amana a wuyansu ko da an buga musu hatimi goma. Sai dai asali a fiƙihunmu shi ne ma'aikacin da aka ɗauka shi kaɗai amintacce ne, ba a ɗora masa ramuwar abin da ya ɓata sai in sakaci ko ta'adi ya tabbata. Zato ba ya isa a ce «ana bincike» har damina ta zo ta wuce.

Inda mas'alar ta yi tsauri, kuma muka daɗe muna juya ta da abokan karatu, shi ne nan: mutumin da aka kama da hannu cikin kuɗi, aka kore shi. In muka ba shi takarda mai ɗauke da ranar shiga da ranar fita kawai, ba mu yaudari wanda zai ɗauke shi gobe ba? Ashe addini ba nasiha ba ne? Wasu daga cikinmu sun karkata ga cewa a rubuta laifin. Mu ba mu ga haka ba. Takarda ba ta tuba. Mutum yana iya yin nadama a daren da aka kore shi, ya mayar da abin da ya ɗauka, ya gyaru, amma tawada tana nan tana faɗin abu ɗaya shekara 20, a gaban wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba. Kuma mai rubutun shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, galibi yana cikin fushi. Takardar da ta ce wane ya yi aiki daga ranar kaza zuwa ranar kaza ba ta yi ƙarya ba, domin ba ta ce amintacce ne ba.

Nasiha tana da ƙofarta dabam. In wanda zai ɗauke shi ya zo ya nemi shawararka, musamman in dukiya ko yara ko magani za a damƙa masa, to wajibi ne ka faɗi abin da ka tabbatar, gwargwadon bukata, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya bayyana wa Faɗimatu bintu Ƙaisin halin masu neman aurenta da ta nemi shawararsa. Imam Nawawi ya lissafa wannan cikin wuraren da ambaton aibin mutum ba ya zama giba. Ka faɗi abin da ka gani, ka ƙara da cewa ya mayar in ya mayar, ka bar abin da ka ji a bakin mutane. Akwai kuma ɗaya gefen da muka fi faɗawa saboda kunya: a rubuta wa wanda aka san maha'inci ne takardar yabo don a rabu lafiya. Wannan shaidar zur ce, kuma duk abin da ya ci a gaba da ita akwai kason mai hatimi. Ɗiyar dattijon Madyana da ta yabi Annabi Musa (AS) da ƙarfi da amana a gaban mahaifinta, abin da ta gani a bakin rijiya da kan hanya ta faɗa.

Yanzu mu juyo gida, don kada mu zama masu haska wa wasu hanya muna tafe cikin duhu. Malamai nawa suka koyar a madarasunmu shekara 10, shekara 15, suka tafi ba ko layi ɗaya da ke nuna sun taɓa riƙe alli? Ladanai da masu shara da masu gadin masallatai fa? Muna cewa aikin Allah ne, lada tana can. Gaskiya ne, amma ranar da malamin nan ya nemi koyarwa a makarantar faranko-arab aka ce ya kawo shaidar ƙwarewa, kwamitin da ya ɗauke shi ya watse, shugaban ya rasu, sabon bai san shi ba. Da muka bincika a namu masallacin mun tarar babu wani littafi da aka rubuta ranar da malamanmu 6 suka fara aiki, sai da muka koma ga tsofaffin unguwa ana cewa «shekarar da aka karya darajar Sefa ne», wato 1994, ana ƙirgawa daga nan. Mun sayi rajista, mun rubuta abin da ya samu, kowane malami ya sa hannu tare da shaidu biyu.

Dattijon kuwa, mun je da shi da wani aminin Alhajin bayan sallar isha'i. An yi sa'a biyu ana magana, an ɗaga murya sau ɗaya. Washegari aka ba shi takardarsa. Lissafin kuɗin har yanzu ba a gama ba, an sa ranar Asabar mai zuwa.