Amanar Mai Gyara

A ɗakin ajiyar gidanmu a Tibati akwai jirgin ƙasa na wasa da marigayi Baffana ya ƙera da hannunsa: taragai biyar na gwangwanin kifi, tayoyin murfin kwalba, layin dogo na waya, sai tankin ruwa na gwangwanin madara bisa ƙafafu huɗu na gwangwala. Daminar bara gara ta cinye ƙafa biyu, tsatsa ta huda gindin tankin. Da na fito da shi zan gyara, ɗana ya ce: "Baba, tunda za ka taɓa shi, ka miƙar da shi mana, ai a karkace yake. Ko ka cire shi gaba ɗaya, jirgin da muka shiga a Ngaundal ba ya shan ruwa."

Yaron bai yi ƙarya ba. Layin da ya taso daga Yawunde ya isa Ngaundare a 1974, kuma injin dizal ke jan jirgin. Sai dai ba shi Baffa ya kwaikwaya ba. A Kano ya koyi ƙirar gwangwani, inda layin dogo ya iso tun 1911, kuma ya riski injinan tururi masu cin kwal, waɗanda dole su tsaya a cika musu ruwa. Tankin nan tunawa ce da ƙuruciyarsa. Karkatar kuwa kuskure ne na gaske: ƙafa ɗaya ta gaza, don idonsa ya yi rauni lokacin da ya yanka ta, kuma gara ba ta taɓa wannan ƙafar ba.

To shin mai gyara yana da izinin gyara kuskuren wanda ya riga mu gidan gaskiya? Wata zuciyar ta ce mini da Baffa yana raye da kansa zai miƙar da shi, kuma barin aibi ba girmamawa ba ne. Na yarda da rabin maganar. Abin da ya tsayar da ni shi ne inda za ta kai ni. Yau na daidaita ƙafa, gobe na sauya tayoyi, jibi na shafa fenti. Ƙarshe sai in miƙa wa ɗana aikin hannuna in ce na kakansa ne, kuma wanda aka yi wa ƙaryar ba ya nan balle ya musa.

Almajiran da ke kwafar littattafan malamai da tawada sun riga ni warware wannan. Mai amana a cikinsu idan ya ga abin da yake zaton kuskure ne, yakan bar matanin yadda ya same shi, ya rubuta gyaransa a gefen shafi, domin mai karatu ya san maganar wa yake karantawa. Haka ya kamata mu yi da labarin magabatanmu, waɗanda muke yawan miƙar da su a bakinmu har 'ya'yanmu su ɗauka ba mutane ba ne irinmu.

Don haka na raba aikin biyu. Abin da gara da tsatsa suka ɓata na gyara: na liƙe gindin da dalma, na yanka sabbin ƙafafu biyu, na bar su da farinsu, ban shafa musu baƙin tukunya don su saje da tsoffin ba. Gajeriyar ƙafar Baffa kuwa ban taɓa ta ba. Na dai naɗe takarda na cusa a ƙarƙashinta, tankin ya tsaya daidai.

Ɗana ya tambaya ko zai iya zare takardar. Na ce masa duk ranar da yake son ganin tankin yadda kakansa ya bar shi, ya zare.