Launin Bargon Sojan Da Ya Jikkata: Zaɓin Mai Ɗinki Ne Ko Na Mai Lulluɓa?

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mas'alar da za mu duba a wannan mako daga nesa ta fito, kuma wanda ya ji ta karon farko yana iya cewa ba ta isa a ɓata tawada a kanta ba. Ga ta: mace ce ta zauna za ta ɗinka bargo domin sojan da ya komo daga fagen fama da rauni, wane launi ya kamata ta zaɓa, kuma wane ne ke da haƙƙin wannan zaɓi?

A ƙasar Amurka akwai wata tsohuwar sana'ar mata, ta ɗinkin bargon ƙyallaye. Sukan yayyanka yadi iri iri, su harhaɗa guntayen su tayar da zane, su shimfiɗa auduga a tsakiya, su sa wani yadin daga baya, sa'an nan su bi duka ukun da ɗinki. Bargo guda yakan ci makonni. A shekarar 2003 wata mata mai suna Catherine Roberts, wadda ɗanta ke cikin rundunar da aka kai Iraƙi, ta kafa ƙungiyar da ake kira Quilts of Valor, watau Bargunan Jarumta. Ta ce asalin abin mafarki ta yi: ta ga wani saurayi zaune a bakin gado da tsakar dare, ya sunkuya, baƙin ciki ya danne shi, can kuma sai ta sake ganinsa lulluɓe da bargo, hankalinsa ya kwanta. A watan Nuwamba na wannan shekarar aka miƙa bargo na farko a asibitin soja na Walter Reed, ga wani matashi da ya rasa ƙafa a Iraƙi. Daga nan abin ya bazu, har yawan bargunan da aka bayar ya haura 300,000. Galibinsu ja da fari da shuɗi ne, launukan tutar Amurka, ko da yake ƙungiyar ba ta wajabta haka ba.

Na san wani mai karatu zai ɗaga murya tun a nan, ya ce, "Malam, ina ruwanmu da bargon wanda ya je ya yaƙi Iraƙi?" Tambaya ce mai nauyi, ba kuwa zan tsallake ta ba. An shiga wancan yaƙi ne bisa zargin makaman da daga baya aka neme su aka rasa. Daga 2003 zuwa 2011 sojojin Amurka fiye da 4,400 suka mutu a can, wajen 32,000 suka jikkata, fararen hular Iraƙi kuwa da suka halaka sun haura 100,000, kuma naƙasassunsu ba su sami mai ɗinka musu bargo ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma fa addininmu ya raba tsakanin hukuncin yaƙi da haƙƙin mutumin da ya riga ya faɗi. Imam Buhari ya ruwaito cewa bayan yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, an zo da kamammu, cikinsu akwai Abbas ba riga a jikinsa, Annabi ya sa aka nema masa, sai rigar Abdullahi ɗan Ubayyu ce ta yi masa daidai, aka sanya masa. In an ce ai Abbas baffansa ne, to, Abu Aziz ɗan Umairu fa, wanda ya riƙe tutar Ƙuraishawa a ran nan? Shi da bakinsa ya ba da labarin cewa mutanen Madina da ke tsare da shi sukan miƙa masa gurasa, su kuwa su ci dabino. Suratul Insani ma, a aya ta 8, ta jera kamamme tare da miskini da maraya cikin waɗanda mutanen kirki ke ciyarwa. Saboda haka tufatar da wanda ya jikkata ba sa hannu ba ne a kan yaƙin da ya jikkata shi. Sai dai kuma a daidai nan ne maganar launi ke shigowa, gama bargon da aka ɗinka da launin tuta yana iya faɗin abin da mai ɗinkin ba ta yi nufin faɗi ba.

Mu fara da hujjar masu zaɓin launin tuta, domin hujja ce mai ƙarfi. Suna cewa mutumin da ya bar gida da ƙafa biyu ya komo da ɗaya ba tausayi yake nema ba. Tausayi ma wani lokaci shi ne ke ƙara masa ciwo. Abin da yake bukata shi ne shaida, a nuna masa cewa jama'ar da ta aike shi ta san abin da ya rasa. Amurkawa suna da tabo a kan wannan, domin da yawa daga sojojin da suka komo daga Biyetnam kafin janyewar 1973 ba su sami wanda ya yi musu barka da zuwa ba, kuma cikin tsofaffin da ake lulluɓa wa bargo yau akwai irinsu. Ga irin wannan mutum, ja da fari da shuɗi biyan bashi ne da ya daɗe.

Yin shaida da tufa kuwa yana da asali a wurinmu. Halifa Umaru, Allah ya yarda da shi, ya taɓa raba mayafai ga matan Madina, sai guda mai kyau ya saura. Aka ba shi shawara ya bai wa matarsa Ummu Kulsum 'yar Aliyu, jikar Annabi. Ya ƙi, ya ce Ummu Saliɗ ce ta fi cancanta, saboda ita ce ke ɗauko musu salkunan ruwa ranar Uhudu. A lura, shekaru fiye da goma sun shige tsakanin Uhudu da wannan rabo, amma Umaru bai mance ba, kuma mayafi ya zaɓa ya faɗi abin da ke ransa. Wanda duk ya ce kyautar tufa ga tsohon mayaƙi ɗumi kawai ake nema da ita, bai karanta wannan labari da kyau ba.

To, amma launi ba bebe ba ne, kuma ba abu guda yake faɗa wa kowa ba. Cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai labarin Abu Jahmi ɗan Huzaifa, wanda ya yi wa Annabi kyautar wani mayafin Sham mai zane. Annabi ya yi salla da shi, da ya sallame sai ya ce a mayar wa Abu Jahmi, domin zanen ya so ya ɗauke masa hankali. A ruwayar Buhari da Muslim, ya nemi a karɓo masa wani mayafin Abu Jahmi maras ado a madadinsa, malamai kuwa suka ce ya yi haka ne don kada ran mai kyautar ya ɓaci. Dubi wannan al'amari. Mayafin ba shi da aibi, mai bayarwar kuma da zuciya ɗaya ya bayar, duk da haka kyautar ba ta dace da halin da mai karɓa ke ciki ba. In zane a jikin yadi ya isa ya taɓa zuciyar mafi natsuwar halitta a cikin salla, yaya zai yi da zuciyar saurayin da ke firgita cikin barci?

Ja a idon mai ɗinki jarumta ne. A idon wanda ya ga abin da nakiya ke yi wa jikin ɗan Adam yana iya zama wani abu dabam. Tutar nan kuma ita ce ake lulluɓa wa akwatin gawar soja a Amurka, a naɗe ta a miƙa wa iyalinsa. Akwai wanda in ya buɗe ido da dare ya ga launukan nan a kan ƙirjinsa, abokansa da aka ɗauko a akwati zai tuna. Mu ma nan mun san irin wannan. Fari shi ne tufar da Sunna ta fi yabo, shi ne kuma likkafani, don haka mai hankali ba ya shiga ɗakin majinyacin da ke jin jiki riƙe da farin yadi ƙal a naɗe, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ya sayo shi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɓoyuwa, shi ne ya fi damuna. Cikin waɗanda suka komo daga yaƙi akwai masu alfahari da shi, akwai masu nadama, akwai waɗanda har yanzu ba su yanke wa kansu hukunci ba. Idan aka tara jama'a, aka lulluɓa wa mai nadama tuta, aka ɗauki hoto, an riga an yanke masa hukuncin ke nan, kuma kunya ba za ta bar shi ya ce a'a ba. Ya zo karɓar kyauta, ya tashi da bashin godiya da na murmushi. Suratul Baƙara, daga aya ta 262 zuwa ta 264, ta yi kashedi a kan biyo sadaka da gori ko cutarwa, har ta nuna cewa daddaɗar magana ta fi sadakar da cuta ke bin bayanta. Mun saba ɗaukar gori a kan abin da baki ke furtawa bayan an bayar. Ni dai ina ganin akwai gorin da ake ɗinke shi tun cikin kyautar, watau a ba mutum abu ta fuskar da za ta tilasta masa ya zama irin mutumin da mai bayarwa ke son gani. Ba ina cewa matan nan da nufi suke yi ba. Cikinsu akwai uwaye da matan sojoji, masu kashe kuɗinsu da idanunsu kyauta. Amma kyakkyawar niyya tana tsare mai bayarwa ne daga zunubi, ba ta tsare mai karɓa daga jin zafi.

Mafita tana cikin labarin Ummu Halid 'yar Halid ɗan Sa'idu. An kawo wa Annabi tufafi, cikinsu akwai wani ƙaramin mayafi baƙi mai ratsin kore ko rawaya. Bai miƙa wa na kusa da shi ba. Ya tambayi sahabbai wa suke ganin ya dace da shi, suka yi shiru, sai ya ce a kawo masa Ummu Halid, yarinya ƙarama da aka haifa a Habasha lokacin hijira. Ya sanya mata da hannunsa, ya yi mata addu'ar tsawon rai, yana nuna mata ratsin yana yaba kyansa da kalmar Habashanci, harshen ƙasar da ta tashi. Ya san girmanta, ya san inda ta fito, ya san harshen da zai faranta mata rai. Daga mai karɓa aka fara lissafi, sa'an nan aka komo kan tufa.

Saboda haka, a nawa fahimtar, haƙƙin zaɓi na mai lulluɓa ne, mai ɗinki wakiliya ce. In ana iya tambayarsa, ko matarsa, ko mahaifiyarsa, to tambayar ta zama wajibin ladabi, kuma in ya ce launin tuta yake so, a ɗinka masa shi ba tare da wani ya tsaya yi masa wa'azi a kan siyasar yaƙi ba; hana shi abin da yake so da sunan an fi shi sani shi ma gori ne, daga ɗaya gefen. In ya ce kore yake so irin na gonar ubansa, ko ruwan ƙasa, ko ruwan toka, a ba shi, kada a ga kamar ya rage kishin ƙasa. Sojojin nan ma ba duka maza ba ne, ba kuma addininsu ɗaya ba. Akwai Musulmi a cikinsu.

Wahalar ita ce sau da yawa mai ɗinki ba ta san wanda bargonta zai faɗa hannunsa ba. A nan sai mu koma ga ƙa'idar malaman fiƙihu ta hukunta al'ada inda babu nassi. Tun da yake mafi yawan masu karɓa sun saba da launukan nan uku, ba laifi a riƙe su, amma akwai hanyar sassautawa: a rinjayar da shuɗi mai duhu, a sa ja kaɗan kuma mai sanyi, a musanya fari ƙal da ruwan madara, kada a tayar da siffar tuta sak. Abin da ya fi wannan duka shi ne ƙungiya ta tanadi iri uku ko huɗu a ajiye, a bar mutum ya miƙa hannu ya ɗauka da kansa. Wanda ya yi watanni a gadon asibiti ana juya shi, ana zaɓa masa abinci da lokacin barci, ba ƙaramin abu ba ne a ce masa yau kai za ka zaɓa. Haka nan taron miƙawa: aya ta 271 cikin Baƙara ta yaba bayyana sadaka, ta kuma fifita ɓoye ta, don haka wanda ke son taro a yi masa, wanda ya fi son a kai masa gida cikin sirri a kai masa.

Wani abu da na yaba cikin tsarin ƙungiyar nan shi ne ta saki hannu a kan launi amma ta tsananta a kan awo. Abin da ta fi so shi ne inci 60 a faɗi, 80 a tsawo, domin ya rufe babban mutum. Da na ga haka sai na tuna Mus'abu ɗan Umairu, ɗan'uwan Abu Aziz ɗin nan da muka ambata, wanda a Makka ba saurayin da ya kai shi ado. Da ya yi shahada a Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, ba a sami abin rufe shi ba sai wani ɗan mayafi mai ratsi. In an ja shi kan kai ƙafafu su fito, in an ja shi ƙafafu kai ya fito, har Annabi ya ce a rufe kan, a sa ciyawar izhir a ƙafafun. Shekaru bayan haka, Abdurrahman ɗan Aufu aka kawo masa abincin buɗa baki, ya tuna da wannan mayafi, ya yi ta kuka har ya bar abincin.

A nan gida, kowace ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, akan yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni, a saki tantabaru. Tun daga 2009 kuma fitinar Arewa maso Gabas ta ƙara mana sababbin naƙasassu, wasunsu a unguwanninmu suke zaune. Ba mu da al'adar bargon ƙyallaye, amma muna da luru da gwado da bargo, hunturu kuwa ba ya tsallake gidan kowa. Wanda ya yi niyyar kai wa irin wannan maƙwabci abin rufa a bana, ya fara zuwa ya gaishe shi, ya zauna su yi hira, ya kuma tambayi mai ɗakinsa irin wanda yake so kafin ya nufi kasuwa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.