Wa Ya Cancanci Riƙon Aikin Agajin Gaggawa?

'Yan'uwa, an kafa hukumar NEMA a 1999, tsarin ƙasa kuma ya tanadi kwamitin agajin gaggawa a kowace ƙaramar hukuma. To, wane irin mutum ya kamata a ɗora a kai?

Wasunmu sukan ce mutumin kirki ya wadatar. Ba mu yarda ba. Ranar da ruwan Agusta ya cinye gonakin masara a ƙauyukan Malumfashi, ko gobara ta kama ma'ajiyar auduga a Funtua, kirki kaɗai ba zai nuna hanyar da mota za ta bi ba, balle asibitin da ke da jini. Wannan sai wanda ya koyi aikin, ya zaga ƙasar tun da rani, ya san dagatai da masu unguwanni. Karɓar muƙamin ba tare da wannan sani ba cin amana ne, ko da niyyar ta yi kyau.

Amma gwani ma yana da tasa jarrabawa, wato ranar rubuta sunayen masu karɓar buhun hatsi da kwanon rufi. A nan ne dangi da 'yan jam'iyya sukan riga gwauruwa shiga takarda, ita kuwa ba ta da wanda zai je sakatariya ya bi mata kadi.