Unguwa ta Wane Ne: ta Mai Kuɗi ko ta Mai Zama?

Tambayar da ke gabanmu ita ce: idan unguwar talakawa ta yi daraja, wa ya cancanci ya ci moriyarta? Bari mu ɗauki Rigasa ta Ƙaramar Hukumar Igabi mu auna.

Ƙasar da Kaduna ke kai ta Gbagyi ce tun kafin Turawa su dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Daga nan baƙi suka yi ta kwararowa, waɗanda ba su iya kama haya a tsakiyar gari suka gangara gefe, Rigasa ta yi ta faɗi. Rikicin Shari'a na 2000 da na gasar sarauniyar kyau na 2002 suka raba garin biyu: Kirista da yawa suka haye kudancin kogi, su Sabon Tasha da Narayi, Musulmi kuwa suka tattaro zuwa Rigasa da Tudun Wada. Watau yawancin mazaunanta talauci ne ko tsoro ya kawo su.

A watan Yuli na 2016 aka buɗe jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna, aka kafa tasharsa a Rigasa. Manyan da ba su taɓa taka unguwar ba suka fara ratsa ta kullum, filayen da ke kusa da tasha suka yi tsada, haya ta bi sawu. Wannan abu ba baƙo ba ne a duniya. Tun 1964 wata masaniyar zamantakewa, Ruth Glass, ta bayyana yadda masu hali ke saye gidajen leburori a Landan har unguwa ta sake fuska. Haka ya faru ga baƙaƙen fata na Harlem a Amurka.

Wani zai ce, to ina laifin? Mai gida ya sayar da halalinsa, mai saye ya biya, ba wanda aka yi wa ƙwace. Gaskiya ne, ciniki halal ne. Amma mu tambaya: wa ya ƙara wa filin daraja? Ba mai filin ne ya shimfiɗa dogo ba, dukiyar jama'a ce. Kuma waɗanda suka mai da daji gari su ne suka sha taɓo da damina, suka sayi ruwa wurin 'yan garuwa shekara da shekaru. Mafi yawansu 'yan haya ne, ba su da takardar fili. Ranar da kwalta ta iso, abin da ke isa hannunsu takardar tashi ce. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan.

Sai dai kada mu kafa hujja da cewa mu muka riga zuwa. In da riga zuwa ne, Bagwari ya fi kowa bakin magana. Kada kuma mu kafa da ƙabila ko addini, domin wannan tunani shi ya raba Kaduna. Haƙƙin mai zama daga wahalarsa da maƙwabtakarsa yake fitowa. Malaman fiƙihu sun san haka, shi ya sa suka yi babin shuf'a, inda abokin tarayya ke da fifikon saye, har Hanafawa suka shigar da maƙwabci. Dokar Filaye ta 1978 ita ma cewa ta yi gwamna riƙon amana yake yi wa jama'a.

Saboda haka, a ganina, ribar da aikin gwamnati ya jawo bashi ce a wuyan wanda ya ci ta. A karɓi wani kaso a gina makarantu da asibiti da gidajen haya masu sauƙi a cikin unguwar, a ba ɗan haya isasshen wa'adi, in an rushe kuma a biya diyya kafin katafila ta iso. Mu ɗalibai, gobe mu ne ma'aikatan filaye da alƙalai, watakila ma mu ne masu sayen. Allah Ya sa mu tuna da wanda muka tarar.