Na'urar da Ke Zane da Hakkin Mai Zane

Littafin Fitowa sura 31 ya ba mu labarin Bezalel, wanda Ubangiji ya kira da sunansa, ya cika shi da hikima domin aikin zinariya da tagulla da sassaƙa na alfarwa ta sujada. Tun daga can muka san cewa gwanintar hannu baiwa ce, kuma mutum mai suna ake ba wa. A kan haka ne Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya rubuta wa masu zane da mawaƙa da marubuta wasiƙa ta musamman a 1999.

Ga shi yanzu an ƙera manhajojin kwamfuta da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Mutum ya rubuta abin da yake so, kafin ya kurɓi ruwa hoto ya fito, ko waƙa, ko labari. Ba daga sama suke samun wannan iyawa ba. An ɗura musu miliyoyin zane-zane da rubuce-rubuce da aka kwaso daga intanet, aikin mutanen da galibinsu ba a nemi izininsu ba, ba a kuma biya su ko kwabo ba. Har mutum kan iya umartar na'urar ta yi masa zane irin na wane, alhali shi wanen yana zaune bai sami mai ba shi aiki ba.

Ba mu ƙin kayan aiki. Keken ɗinki bai kashe tela ba, ya sauƙaƙa masa wahalar allura. Amma keken ba a ƙera shi da rigunan da aka ɗebe wa teloli a ɓoye ba, kuma tela ne ke taka shi. Tambayar da ta dame mu ita ce: domin wa aka ƙera wannan sabon keke, domin mai sana'ar ko domin a sallame shi? A wasiƙarsa ta 1981 kan aikin ɗan Adam, Paparoma ya koyar da cewa mutumin da ke aikin yana gaba da jari da injin. Wasiƙar Yakubu kuwa ta gargaɗe mu cewa ladan ma'aikaci da aka danne yana kai ƙara gaban Allah. Dannewar ta zama ta hanyar kwamfuta ba ta sāke hukuncin ba.

Ana iya yin abin ta wata hanya. A 2023 marubutan fina-finai na Amurka sun yi yajin aiki na kwana 148, suka sami yarjejeniya cewa ba za a tilasta wa marubuci amfani da na'urar ba, ba za a ɗauke ta a matsayin marubuciya ba, kuma dole kamfani ya faɗa idan rubutun da ya miƙa masa na'ura ce ta yi. A shekarar ce kamfanin Adobe ya fitar da Firefly, ya ce da hotunan da yake da izininsu ya koyar da ita, yana kuma ba masu hotunan wani abu. Ko abin da ake ba su ya kai ladan guminsu, wannan wata magana ce. An dai nuna cewa neman izini ba ya hana ƙira. Takardar Antiqua et Nova da Fadar Paparoma ta fitar a Janairun 2025 ta tsaya kan cewa aikin wannan fasaha shi ne taimaka wa basirar mutum, ba maye gurbinsa ba.

Batun ya iso ƙofar majami'armu. Idan bikin godiyar kaka ya gabato, akwai saurayin da ya saba zana mana allon sanarwa, akwai malamin mawaƙa da ke tsara sabuwar waƙa da harshenmu, ya san inda ganga za ta shiga da inda mata za su amsa. Kwamiti zai iya samun hoto kyauta a waya, kuma asusun ikilisiya ba shi da nauyi, mun sani. Kafin a yanke shawara, a kira saurayin nan a zauna da shi. Wataƙila shi da kansa zai so ya gwada na'urar wajen fitar da zanen farko, sa'an nan ya gyara da hannunsa, a biya shi, a kuma rubuta sunansa a ƙasan allon.