ƘISHIRWAR RAI DA LITTAFIN ZABURA

Ya mai karatu, in kai mutumin Damagaram ne, ba sai an koya maka ƙishirwa ba. Ka san bazara, sa'ad da tabki yakan kafe, guga ya sauka ya dawo da laka, mata su kwana a bakin rijiya. Garin Zinder a kan duwatsu yake, ruwansa da wuyar samu. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka mai da babban birnin ƙasa daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Tsofaffinmu kuma ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da gero ya ƙone a gona, dabbobi suka mutu.

To, a irin wannan rana, me za ka faɗa wa Allah? Waɗansu sukan yi shiru, suna tsammani zunubi ne mutum ya kai kukansa gaban Ubangiji. Waɗansu kuwa sukan kama hanyar gidan boka. Littafin Zabura yana nuna maka abin da ya kamata ka yi.

Mene ne Zabura?

Waƙoƙi ne da addu'o'i guda 150. Da Ibrananci aka rubuta su, shekaru ɗaruruwa kafin haihuwar Almasihu. Guda 73 suna ɗauke da sunan Sarki Dawuda, wanda makiyayi ne tun yana yaro. Ya san jeji, ya san rana.

Buɗe Zabura 63. Dawuda yana cikin jejin Yahuza, maƙiya suna neman ransa, ƙasa ta bushe ƙayau. Amma ka lura: ƙishirwar da ta fi damunsa ita ce ƙishirwar Allah kansa.

Duba kuma Zabura 42. Mawaƙin ya kwatanta ransa da dabbar jeji mai neman rafi. Yana kuka dare da rana, mutane suna yi masa ba'a. Har ya tambayi Allah dalilin da ya sa ya manta da shi! Allah bai hore shi saboda wannan tambaya ba. Ya sa ma aka rubuta ta cikin Littafinsa. Daga baya mawaƙin ya juya ya gargaɗi zuciyarsa ta sa zuciya ga Allah. Ka ga hanyar ke nan: ka faɗa wa Ubangiji gaskiyar ciwonka, ka tuna da alherinsa na dā, sa'an nan ka jira shi.

Zabura tana nuna Yesu

Bayan da Yesu ya tashi daga matattu, ya koya wa almajiransa cewa Zabura a kansa take magana (Luka 24:44). A kan gicciye, da kalmomin farko na Zabura 22 ya yi kuka (Matiyu 27:46). Ya ji ƙishirwa, aka miƙa masa ruwan tsami, kamar yadda Zabura 69 ta faɗa tun dā (Yahaya 19:28-29). Saboda zunubinka da nawa ya sha wannan wahala. Shi ne kuma yake kiran kowane mai ƙishirwa ya zo gare shi ya sha (Yahaya 7:37). Ka zo wurinsa?

Me za ku yi a gidanku?

Masu bishara na S.I.M. sun zauna a Zinder tun 1924, aka kuma buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Zabura tana cikin harshenku. Hausawa sun ce, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Maigida, bayan tuwon dare ka tara iyalinka. In ba ka iya karatu ba, ka sa ɗanka ko 'yarka su karanta. Zabura ɗaya kowace rana, cikin wata biyar kun gama, wato kamar daga shuka zuwa kaka. Uwargida, ki koya wa yara aya ɗaya, su riƙa maimaitawa a hanyar rijiya.

Addu'a

Ya Ubanmu, ka san rumbunmu, ka san rijiyarmu, ka kuma san zuciyarmu. Ka gafarta mana zunubanmu. Ka ba mu damina mai albarka. In ruwa ya makara, ka riƙe bangaskiyarmu. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.